Dattijo ya tsaya cak a gaban na'urar POS: tsufa ne, cuta ce, ko laifin na'urar?

Ɗan Kurna: Assalamu alaikum jama'ar wannan zaure. Tambaya gare ni ga ma'aikatan lafiyarmu. Sana'ata POS ce, kuma dattawa da yawa a wurina suke cirar fansho ko kuɗin da 'ya'ya suka turo musu. Na lura iri biyu ne. Akwai wanda tun fil azal bai iya ba, kati yake miƙo min da 'yar takarda mai lambar sirri, har yau haka muke. Wannan bai dame ni ba. Wanda ya dame ni shi ne wanda a da da kansa yake danna lambarsa, har yana kare ta da tafin hannu, yanzu kuma sai ya tsaya yana kallon madannan, ko ya ciri kuɗi da safe ya dawo bayan la'asar yana rantsuwa bai cira ba. Tsufa ne kawai ko alamar cutar mantuwa? Kuma akwai yadda ake gwadawa?

Abu Yasir: Wa alaikumus salam. Tsufa ne mana, wane gwaji kuma? Ka nemi 'ya'yansa su karɓe katin tun 'yan damfara ba su riga su ba.

Maman Ilham: Malam Ɗan Kurna, wannan rarrabewar da ka yi ita ce ainihin aikin. Ni a sashen farfaɗo da marasa lafiya nake aiki, inda muke koya wa mutum komawa ayyukansa bayan shanyewar ɓarin jiki da makamantansu. Rashin iya na'ura shi kaɗai ba ya nuna komai. Abin dubawa shi ne abin da mutum ya iya jiya, yau ya kufce masa.

Tun 1969 wasu masana biyu a Amurka, Lawton da Brody, suka fitar da ma'auni mai ayyuka 8 da ake tambaya a kan tsoho: amfani da tarho, cefane, girki, gyaran gida, wanki, zirga-zirga a abin hawa, shan magani a kan ƙa'ida, da riƙon kuɗi. Daga baya wani dogon bincike a kan tsofaffin yankin Bordeaux a Faransa ya nuna huɗu daga ciki sun fi saurin tona asirin cutar: tarho, abin hawa, magani da kuɗi. To ka ga biyu daga cikin huɗun yanzu a kan teburinka suke haɗuwa.

Su kuwa masu irin aikinmu a cibiyar Karolinska ta ƙasar Suwidin, ƙarƙashin Farfesa Louise Nygård, sai suka ga tambayar "yana iya tarho?" ta yi kaɗan a zamanin da komai ya koma dannawa. Suka tsara jerin tambayoyi da ake kira ETUQ, wanda aka wallafa bayaninsa a 2009. Zama ake yi da mutum a bi na'urorin gida da na waje ɗaya bayan ɗaya: rimot, murhun lantarki, injin wanki, wayar hannu, injin cirar kuɗi, na'urar sayen tikitin jirgin ƙasa. Tambayar farko ita ce, wannan abin ya shafe ka? Kana amfani da shi, ko ka taɓa yi? In bai shafe shi ba a tsallake, ba a lissafa masa a matsayin gazawa. In ya shafe shi sai a tambaya: kana yi ba matsala, ko da ɗan ɗari-ɗari, ko da ƙyar, ko sai da wani a gefenka, ko ka daina gaba ɗaya? Abin da suka gano shi ne masu ɗan raunin ƙwaƙwalwa da bai kai cuta ba sun fi lafiyayyu shan wuya, masu cutar mantuwa a matakin farko kuma sun fi su duka. Amma rukunan suna shiga juna, shi ya sa ba a yanke wa mutum hukunci da wannan kaɗai.

Malam Na Fansho: 'Yata Maman Ilham, na karanta, Allah ya ƙara basira. Amma ni da ake maganar irinmu bari in ce wani abu. Na koyar da lissafi har na yi ritaya, yanzu ma ni ke riƙe da asusun masallacin unguwarmu, kwabo bai taɓa ɓata ba. Duk da haka tura kuɗi ta lambobin nan na tauraro sai na yi ta maimaitawa. Kafin in ɗauko gilashi in karanta lambar asusu mai guda 10 in kwafe, abin ya katse ya ce lokaci ya ƙare. Manhajar banki kuma ka kwana ka tashi an sabunta ta, abin da yake dama ya koma hagu. Kamar ka shiga ɗakin makaho ka sauya wa kayansa wuri ne, sannan ka fito kana cewa ya rikice. Da yawanmu ma ba mu zaɓi wannan hanya ba, ƙarancin takardun kuɗi a farkon 2023 ne ya tura mu ciki da ƙarfin tsiya. In da wannan za a gwada mu, to rabin 'yan fanshon Arewa marasa lafiya ne.

Ummu Sadik: Wallahi Baba ya yi gaskiya. Ni da ban kai 40 ba sai ɗana ya saita min dikoda.

Maman Ilham: Baba, Allah ya ƙara girma, ban ja da kai ba ko kaɗan. Ai su kansu masu ETUQ a kan haka suka gina shi: wahalar ba daga mutum kaɗai take ba, akwai na'urar da ita ce mai wuya, shi ya sa suke jera na'urorin daga mai sauƙi zuwa mai wuya. Amma duba bayaninka. Ka san abin da kake son yi, ka san inda abin ya katse, ka san dalili, ka sake gwadawa. Wanda Ɗan Kurna yake nufi ya manta ma ya zo da safe. Kai na'ura ce ta canza maka. Shi na'urar tana nan yadda take, shi ne ya canza.

Malam Na Fansho: To madalla, na tsira ke nan. Sai dai a ja kunnen yaran yanzu, kada kowa ya ga tsohonsa ya yi kuskuren danna waya ya ce gigi ya zo.

Dakta Na Barnawa: Baba ya taɓo inda nake so in shiga. Kafin a ambaci cutar mantuwa akwai abubuwan da sai an kore su. Ido na farko: yanar ido, hawan jinin ido, ko gilashin da ya tsufa. Sai kunne, don wanda ba ya ji sosai zai daina ɗaga waya, 'yan gida su ce ya manta yadda ake ɗagawa. Sai yatsu, masu ciwon suga da yawa ba sa jin madanni a ƙarƙashin yatsa, ga masu karkarwa. Sai ciwon damuwa, musamman bayan rasuwar abokin zama. Sai ƙarancin sinadarin B12, da matsalar maƙoƙo, da magungunan barci ko na mura da ake saya a kemis ba tare da an rubuta ba. Yawancin waɗannan ana maganinsu mutum ya dawo daidai.

Abu mafi muhimmanci: in ruɗewar a cikin kwana ɗaya ko biyu ta zo, jiya lafiya lau yau bai san inda yake ba, wannan ba cutar mantuwa ba ce har sai an tabbatar. Yana iya zama zazzaɓi, ciwon mafitsara, suga ya faɗi ko ya hau, ko shanyewar jiki. A tafi asibiti a ranar. Ita cutar mantuwa a hankali take tafiya, wata da watanni, shekara da shekaru.

Kuma Malam Abu Yasir, ba kowane tsoho ke yin ta ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta mutum sama da miliyan 55 ke fama da ita, ana samun sababbi kusan miliyan 10 duk shekara, fiye da kashi 60 cikin 100 kuma a ƙasashe masu ƙarami da matsakaicin ƙarfi suke. Adadin da yawa, amma mafi yawan tsofaffi da hankalinsu suke komawa ga Allah.

Abu Yasir: Dakta na ji, na janye "tsufa ne kawai". Amma maganar kati ina nan a kanta. Kana jiran gwaji wani ya kira shi ya ce daga banki ne, za a rufe masa asusu, ya karanto lambar da aka turo. Minti biyar an kwashe gumin shekara 35. Gara ya yi fushi da ni da kuɗinsa a ajiye.

'Yar Damagaram: Yaya Abu Yasir, mu mun gwada wannan hanyar a kan kakarmu, ban ba kowa shawararta ba. Kawunnanmu suka karɓe wayarta gaba ɗaya saboda ta fara kiran mutane cikin dare. Alhali wayar nan ita ce duniyarta. Ba ta karatu, amma saƙon murya na WhatsApp ta ƙware a kai, da hoton fuska take gane kowa, kullum tana gaisawa da 'yarta da ke aure a Agadas da ƙanenta a Kano. Da aka karɓe sai ta daina magana, ta daina tambayar kowa, abinci ma sai an yi da gaske. Da aka mayar mata, aka share lambobin da ba na jiki ba, ana kashe wayar bayan isha'i a kunna da asuba, sai ta ɗan farfaɗo. Matsala ɗaya ce da ita, kiran dare, aka yanke mata abu goma.

Maman Ilham: Ƙanwata kin faɗi amfanin gwajin gaba ɗaya. Ba don a samu hujjar ƙwacewa ake yi ba, don a gano daidai matakin da abin yake tsayawa ne. Shi ya sa mutanen Karolinska ba su tsaya a tambaya ba, suka ƙara wani ma'aunin mai suna META, wanda kallo ne da ido. A je gidan mutum, ya ɗauki na'urarsa da ya saba da ita, ba ta asibiti ba, ya yi abin da ya saba yi. Mai dubawa yana lura: ya zaɓi madannin da ya dace? Ya bi matakai a jere ko ya tsallake? Yana iya riƙe jerin lambobi? In na'urar ta nuna saƙo ko ta yi ƙara, ya lura ya amsa? Dalilin kallon shi ne baki da hannu ba koyaushe suke daidaita ba. Wani zai ce "ba ni da matsala" saboda kunya, wani kuma cutar ce ta hana shi ganin gazawarsa.

A gida ma kuna iya yin mai kama da haka ba tare da kun mayar da shi jarrabawa ba. Ki ce, "Hajiya, kira mana Anti mu gaisa," sai ki yi shiru ki zuba ido. Kada ki karɓe wayar da ta ɗan tsaya, nan ne yawancinmu muke ɓata abin. Ki lura a ina ta maƙale. In nemo suna ne ya gagara amma magana lafiya lau, a sa mata lambobin mutum uku ko huɗu a madannin kiran gaggawa. In caji take mantawa, a ɗora wa wani jika. Ki rubuta abin da kika gani da kwanan wata, bayan wata uku ki sake. Wannan 'yar takardar ta fi wa likita amfani a kan "wallahi Dakta ta rikice".

Injiniya Sabon Gari: Anti, ina da ja a nan. Jerin nan na mutanen Suwidin ne, tsoho shi kaɗai a gidansa da injin wanki da na'urar tikitin jirgin ƙasa. Namu tsohon fa? Rediyo, tocila, fanka, dutsen guga, risho ko tukunyar gas, janareta, 'yar rakani-kashi, mitar wuta mai lambobi 20 da ko ni sai na duba sau biyu. Wannan ma mai sauƙi ne, a sauya jerin. Babbar matsalar ita ce a gidajenmu dattijo ba ya yin abu da kansa ko da ya iya. "Kai, zo ka sa min kati." "Ke, nemo min lambar wane." Girma ne, ba gazawa ba. To ta ina za ki gane ranar da aiken ya tashi daga na isa ya koma na rashin iyawa? Cutar tana iya shekara biyu a ɓoye a bayan jikoki.

Maman Ilham: Injiniya, wannan ja ne mai ƙarfi, kuma gaskiya ne ba a ɗauko ma'aunin wata ƙasa a fassara kawai a ce an gama, sai an sake gwada shi a kan mutanen wurin. Abin da nake yi a wurin aiki shi ne in nemi yaron da ake aika, ba babban ɗan da ya zo daga Abuja da mota ba. Yaron ne zai ce min, "Da Baba da kansa yake kamo tasharsa da asuba, yanzu sai ya kira ni," ko "Da takan ce in nemo mata lambar wance, yanzu sai ta ce in kira mata yarinyar nan, ta kasa faɗin sunan." Aiken yana nan, amma irinsa ya sauya.

Dakta Na Barnawa: Kuma kada a ɗauka ba a taɓa yin irin wannan gyaran a ƙasar nan ba. Tun farkon shekarun 1990 aka fara binciken haɗin gwiwa tsakanin Ibadan da Indianapolis ta Amurka, su Farfesa Adesola Ogunniyi da Hugh Hendrie, inda suka yi amfani da ma'aunin da ke tambayar tsohon sannan a tambayi wani na kusa da shi. A Ibadan ɗin aka fito da gwajin tsinken ashana: a jera tsinke huɗu a wata siffa, a ce mutum ya kwaikwaya, saboda wanda bai taɓa riƙe biro ba zaluntarsa ne a ce ya zana hoto a takarda. Gwaje-gwajen da muka fi sani a asibiti, MMSE na 1975 da MoCA, duka maki 30 ne, kuma duka suna cutar wanda bai yi boko ba. Malamin da ya haddace Alƙur'ani yana iya faɗuwa a kansu da ƙwaƙwalwarsa garau. To abin da aka yi wa biro da takarda, shi ya kamata a yi wa jerin na'urori.

Ɗan Kurna: Allah ya saka da alheri, na ƙaru. Abin da ke ci min tuwo a ƙwarya shi ne in mutum ya manta ya cira, ni ake fara zargi. Yanzu duk dattijon da ya cira sai na ba shi rasit na kuma rubuta a littafi ya sa hannu ko ya dangwala.

Ummu Sadik: Ba kai kaɗai ba. A gidaje suruka ce ko 'yar aiki ke shan wannan. Tsohuwa ta ɓoye kuɗi a ƙarƙashin katifa ta manta, ta ce an sace, a kori yarinya. Wani gidan ma sai a ce asiri aka yi mata, a yi ta yawon gidan masu magani.

Dakta Na Barnawa: Zargin sata yana cikin alamomin da muke gani sosai, kuma ba sharri ba ne daga mai cutar, gurbin da mantuwa ta bari ne yake cikewa da abin da ya fi kama da hankali a wurinsa. Game da kuɗi kuwa, wani bincike da masana jami'ar Johns Hopkins suka jagoranta a Amurka ya gano waɗanda aka tabbatar wa cutar sun fara tsallake biyan bashi da kuɗaɗen wata har shekara 6 kafin likita ya gano ta. Wato aljihu yana riga asibiti sani. Don haka tsoron Abu Yasir yana da tushe, hanyar ce muke jayayya a kai.

Malam Na Fansho: Ni abin da zan roƙa, in ranar ta zo mini, a yi shawara da ni tun ina gane shawara. Addini bai hana waliyyi tsaya wa mai rauni a dukiyarsa ba, ayar bashi a Suratul Baƙara ta ambaci haka, amma da sharaɗin adalci ta ambata. Na ga gidan da ɗa ɗaya ya riƙe katin uwa "don kariya", sauran ba su sake jin labarin fanshon ba sai bayan rasuwarta. Ba duk ɗan damfara ne yake kira daga waje ba.

Injiniya Sabon Gari: Akwai tsaka-tsaki ai. Asusu biyu: babban a ajiye shi ba kati a hannun kowa sai da sanin mutum biyu, ƙaramin kuma a riƙa zuba masa na kashewar mako, katin yana hannunsa, ya je wurin su Ɗan Kurna ya cira da kansa ya yi sadakarsa ya ba jikoki. A rage iyakar abin da za a iya turawa a rana. Alat ɗin ya riƙa zuwa ta imel ɗin da 'ya'ya biyu suke gani, ba ɗaya ba. In an damfare shi, na mako ɗaya aka ci. Gas kuma ni a nan ba na sassauci: in an taɓa samun an bar shi a buɗe, a riƙa rufe kan tukunyar, girki sai da wani a kusa.

'Yar Damagaram: Dakta, in mutum ya ga alamun, wane likita zai nufa? Mu nan da an ce likitan ƙwaƙwalwa sai tsofaffi su ce an mayar da su mahaukata, su ƙi zuwa.

Dakta Na Barnawa: Ku fara da likitan da ya saba duba ta, na hawan jini ko na suga, a ce an zo awo ne kamar kullum. Shi zai yi gwajin jini, ya duba ido da kunne, in da buƙata ya tura ku wurin likitan jijiyoyi ko na ƙwaƙwalwa a babban asibiti. Ku tafi da duk magungunan da take sha a leda ɗaya, har na gargajiya da na kemis, da gilashinta, da wayarta, da takardar da Maman Ilham ta ce a riƙa rubutawa, da mutumin da yake kwana gida ɗaya da ita. Cutar Alzheimer, wadda ita ce kashi 60 zuwa 70 cikin 100 na masu mantuwar, ba ta da maganin warkewa zuwa yanzu. Amma daidaita hawan jini da suga, gyara ji da gani, da barin mutum ya ci gaba da abin da yake iyawa, duk suna taimakawa ƙwarai.

Abu Yasir: Shawarar asusu biyun nan na karɓa, zan kai wa yayyena. Amma wayar da aka yi rajistar banki da ita, wadda lambobin sirri ke shigowa, wannan layin dai ba zai kwana a hannun mahaifinmu ba. A saya masa wani layin na gaisuwa.

Malam Na Fansho: Ka tambaye shi tukuna, ɗana.

Abu Yasir: Zan tambaye shi Baba, in sha Allah. In ya ƙi kuma zan dawo nan ku ba ni dabarar shawo kansa.